Ɗakin Samfurin Malam Ilu

Malam Ilu ya haura shekara ashirin a Guangzhou, kuma kalmomin Sinanci uku ya iya: lauban, wato maigida, meyo, wato babu, da sheshe, wato na gode. Ya ce sun ishe shi. Na taɓa ba shi shawara ya ƙara ko da ta huɗu ce, sai ya tambaye ni me kuma ya rage mutum ya gaya wa ɗan'uwansa bayan ya girmama shi, ya hana shi, ya gode masa. Ni Ghali tafinta ne, da bakina nake ci a garin nan, don haka ban ja maganar da nisa ba.

Mutumin Kano ne, ɗan Jakara, nan bayan kasuwar Kurmi. Wani Alhaji mai sarin atamfa ne ya taho da shi riƙon jaka. Alhajin ya gama sari ya koma gida, shi kuwa Ilu ya ce zai ɗan tsaya ya ga yadda garin yake. Har yau bai gama gani ba. Matarsa Nana tana Kano da 'ya'ya, yana leƙa su in hali ya yi, sauran zumuncin kuma waya ce ke yi. Sana'arsa ɗaurin kaya. In ɗan kasuwa ya gama zagayen kasuwanni ya tara tarkacensa, takalma ne, fitilu ne, mayafai ne, sai a kai wa Ilu ya jera, ya danne, ya naɗe da koren buhu, ya zagaye da salatif har sai ƙunshin ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Ban taɓa jin wanda ya ce kayansa sun fashe a hanya ba. Na dai ji waɗanda suka ce sun sha wuya kafin su kwance.

Yawancinmu a unguwar Xiaobei muke, inda ofisoshin kago masu tura kaya gida da gidajen cin abincinmu suke. Ilu shi kaɗai ya maƙale a Liwan, tsohuwar unguwa, saboda a lokacin da ya zo haya ta fi sauƙi a can, ga kuma kasuwannin sari kusa. Sitonsa yana saman wani tsohon bene mai baranda da ginshiƙai a bakin titi. Tagogin na gilashi ne mai launi, ja da kore da shuɗi, matattakalar kuma ta katako ce, tana kuka kafin ma ka taka ta. An ce 'yan mishan ne suka gina gidan fiye da shekara ɗari da suka wuce, suna ba da magani a ƙasa, suna kwana a sama. A bangon ɗakin Ilu akwai gurbin gicciye, inda wani ya kankare amma shatar ta ƙi fita. Ilu ya sayo agogon bango mai faɗi ya rataya a wurin.

A ɗakin nan ne 'yan kasuwarmu na farko suke yin azahar in sari ya riƙe su a Liwan. A nan kuma kowane sabon zuwa yake fara jin cewa a wannan ƙasa alƙibla yamma take. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, ba ƙaramin aiki ba ne ka juya dattijo ɗan shekara sittin ka ce masa ya bi faɗuwar rana. Akwai wanda ya yi sallar, ya fita baranda ya sake ta a ɓoye.

Amma ba sallar ce ta sa nake ba da labarin ɗakin ba. Samfuri ne.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Ɗan kasuwa zai shiga Kurmi ko wani ƙauye ya sayi abin hannu mai kyau, wanda mutane ke so amma yake da tsada ko wuyar samu. Akushi, ko hula ƙube ɗinkin hannu, ko ƙwarya mai zane, ko tabarmar kaba. Sai ya sa a jaka ya taho da shi nan, ya kai wata masana'anta a Panyu, can gefen gari, ya ce wa lauban, irin wannan nake so, na roba, kwantena guda. Lauban zai juya abin, ya auna, ya ɗauki hoto, ya yi masa gwaji. Bayan ɗan lokaci ga akushi na roba har da shatar gizago a jikinsa, saboda injin bai san cewa shatar ba ado ba ce. Daga nan aikin na asalin ya ƙare. Ɗan kasuwa ba zai ɓata nauyin jakarsa da ice ba alhali ga kayan sayarwa. Sai ya biya ta Liwan wajen ɗaurin kaya, ya miƙa wa Ilu ya ce, "Malam, ajiye mini wannan, in na dawo zan karɓa."

Suna dawowa kuwa. Wasu sau uku a shekara. Sai dai abin da ke kawo su sabon samfuri ne, ba tsoho ba, kuma shi ma a wurin Ilu yake ƙarewa.

Haka ɗakin ya cika. Akussa baƙaƙe manya da ƙanana, ludayin duma, faifai na gargajiya mai launi, tandu na fata, butar dalma, zabira, rigar saƙi da wani Bagane mutumin zongon Kumasi ya kawo, takalman fata daga Damagaram, har da turmi da taɓarya da na kasa gane yadda aka yi suka hau jirgi. A daidai wannan lokaci kuma, can gida, na robar suna ta cin kasuwa. Masassaƙa suka ajiye gizago suka kama tuƙin Keke, masu saƙar faifai suka tsufa ba magada. Ba wanda ya shirya hakan. Kawai wata rana ce aka wayi gari, in kana son ganin akushin ƙwarai irin na da, ya fi maka sauƙi ka hau jirgin ƙasa zuwa Liwan da ka shiga Kurmi.

Ilu bai taɓa kiran abin nan tarihi ba. Ajiya yake cewa. Kuma wahalar da ya sha a kanta ta fi wadda wasu ke sha a kan 'ya'yansu. Duk wanda ya zauna a Guangzhou ya san lokacin nan na bazara da bango ke gumi, tayil ya jiƙe, rigar da ka shanya ta kwana uku tana ɗiga. A lokacin fata takan yi fumfuna, kaba ta yi baƙi, ice ya kumbura. Ilu yakan jera buhunan gawayi a kusurwoyi su sha raɓar. Yakan sa masu zuwa daga gida su taho masa da busasshen ganyen darbejiya, ya cusa cikin huluna da riguna saboda ƙwari. Akussan kuwa man kaɗe yake shafa musu da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana sauraron karatu a waya. In rana ta leƙo, sai ka ga barandar gidan 'yan mishan ta cika da takalman Damagaram suna shan hantsi, maƙwabtansa tsofaffin 'yan China suna wucewa ta ƙasa ba wanda ya ɗaga kai.

Na sha ce masa, "Baba Ilu, masu kayan nan fa sun manta da su."

Sai ya ce, "Su suka manta. Ni aka ba."

In na matsa, sai ya ce ajiya maganin wata rana, ya ci gaba da shafa mansa. Ni kuma in ƙyale shi, don na san in Ilu ya kai ga karin magana to ya rufe ƙofa ke nan.

Wata ranar ta zo ne a siffar wata mata mai tabarau da takalmin gudu, sunanta Madam Luo. Tana aiki da kwamitin da aka ɗora wa gyaran tsofaffin gidajen layin. An yanke cewa gidan 'yan mishan gidan tarihi ne, ba za a rushe shi ba, za a gyara shi ya koma yadda yake a da, a buɗe wa masu yawon buɗe ido. Labari mai daɗi ga gidan. Ga mazauna gidan kuwa, ma'anarsa kowa ya kwashe nasa ya nasa kafin ƙarshen bazara. Ilu ya kira ni in zo in fassara masa, duk da ya riga ya gane, don ya ce fuskar mai tashin mutum iri ɗaya ce a kowace ƙasa.

Madam Luo ta hau sama ne don ta auna tagogi. Ta shiga ɗakin, ta tsaya, ta manta da tagogin. Ta daɗe tana zagayawa hannunta a baya, kamar mai tsoron kada ta taɓa wani abu ya fashe. Ta tambayi menene wannan, na gaya mata. Ta tambayi yaya aka yi ya zo nan, na gaya mata wannan ma, ban rage komai ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Sannan ta ce tana da magana.

Maganar ita ce, in an gama gyara, za a ware ɗakuna don nuna mutanen da suka taɓa zama a gidan. Ɗaki ɗaya na 'yan mishan da kwalaben maganinsu. Tana so ɗakin nan na sama ya zama na 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, a bar kayan a inda suke, a sa su cikin akwatunan gilashi masu na'urar tsotse raɓa, kowanne da bayanin inda ya fito. Ba gawayi, ba darbejiya. Abu ɗaya take buƙata, mai kayan ya ce ya bayar.

Na fassara wa Ilu tas. Na yi murna ƙwarai, don na san ba inda Ilu zai kai kayan nan. Sabon wurin da ya samu a Panyu lungu ne a sito na haɗaka, ko shimfiɗar sallah sai an karkace. Na dubi Ilu, na ga shi ma idonsa ya yi haske. Ya kalli akussan, ya kalli matar. Sannan ya buɗe baki da kansa, bai jira ni ba.

"Meyo," in ji shi.

Na ce, "Baba, me ka ce mata?"

"Abin da ka ji. Ba nawa ba ne, da me zan bayar?"

Na juya na yi wa Madam Luo bayani cewa kayan ajiya ne, amana ce, masu su suna can gida. Ta ce to ba damuwa, ba sai kyauta ba, a ba su aro, duk ranar da mai abu ya zo ya ɗauki abinsa. Na ga wannan ai ta gama magana. Na mayar wa Ilu.

Ya ce, "Aron ma ai sai mai kaya. Ka taɓa jin an ba ka ajiyar akuya ka ba maƙwabci aronta?"

Raina ya ɓaci. Na sauke murya, duk da matar ba ta jin Hausa, na ce, "Baba Ilu, don girman Allah ka ce naka ne. Shekara nawa? Wa zai tambaye ka? Rabin mutanen nan ma sun mutu."

"To ka ga ai waɗannan sun fi kusa da inda za a yi tambayar."

Ya ce abu mai sauƙi ne, zai kira kowa ya nemi izini. Wanda ya mutu a nemi magadansa. Ai ba wanda zai hana, tunda ba wanda ya damu da kayan. Ni ma a lokacin na ga haka ne. Madam Luo ta yi murna, ta ce za ta sa a fara haɗa akwatunan. Da muna da wayo da mun tsaya mun tuna da wa za mu yi magana.

Hajiya Jumai muka fara kira, wata mai sarin kayan kicin a Kano, wadda ta bar faifai da ƙore tun tana da ƙarfin hawa matattakalar nan. Ilu ya sa wayar a sifika. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka yi wa juna jajen waɗanda suka rasu. Sannan ya ce, "Hajiya, dama batun ajiyarki ne, faifan nan da ƙore."

"Wane faifai?"

Ya tuna mata. Ta yi dariya har da tari. "Kai Malam Ilu! Suna nan? Ai da ka zubar. Ka ba duk wanda kake so."

Da ya ce na gode ya kashe wayar a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Ilu ba ya karɓar izini a duhu. Sai da ya yi mata bayani dalla-dalla cewa hukumar unguwa ce ke so, za a sa a gilashi, mutane su riƙa zuwa kallo.

Hajiya ta daina dariya.

"Su 'yan Chinan ne da kansu suka ce suna so?"

"Su ne, Hajiya."

"A gilashi?"

"A gilashi."

"Malam Ilu," in ji ta, muryarta ta sauya, "mutanen nan da ke yin abu dubu a minti ɗaya, me za su yi da tsohon faifaina? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka ga, bar mini kayana tukuna. In ka sami mai tahowa ka ba shi ya kawo mini."

Kafin mu kira mutum na uku, labari ya riga mu. Ya shiga zaurukan waya na 'yan kasuwa, ya zaga Kwari da Kurmi, ya tsallaka Damagaram, ya gangara Kumasi. Kuma yana tafiya yana ƙiba. Da farko cewa aka yi 'yan China na neman tsofaffin kayan Hausa. Daga baya aka ce saye suke yi. Can sai ga wani ya turo murya yana rantsuwa cewa akwai wani sinadari a cikin tsohon icen akushi da ake haɗa batirin waya da shi, shi ya sa suke ɓoye maganar da sunan tarihi. Mutanen da suka yi shekaru ba su ce wa Ilu ya gajiya ba suka fara kira da sassafe suna tambayar lafiyarsa. Wani Ramadan, ɗan Baganen nan mai rigar saƙi, ya kira ya ce, "Baaba, mun ji an ce rigar tsohonmu ta yi daraja, mun gode da riƙo, a turo." Har waɗanda ba su taɓa ba shi ajiyar ko allura ba suka kira, ko Allah zai sa ya ruɗe. Bai ruɗe ba.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na yi murya mai tsawo na tura zauren, na ce jama'a ba sinadari, ba ciniki, matar nan so take a adana kayan kakanninmu. Aka amsa mini da cewa ai dama da tafinta ake haɗa baki.

Sau ɗaya na ga Ilu ya roƙi mutum, shi ne Alhaji Ƙasimu. Shi ne mai babban akushin, wanda ya fi kowanne kyau a ɗakin, baƙi wuluk, mai murfi, mutum huɗu za su ci tuwo a ciki ba hannun da zai gogi wani. Daga wannan akushi Alhaji ya fitar da na roba da ya gina masa gidaje. Ilu ya kira shi ina zaune.

"Alhaji, alfarma nake nema. Ka bar akushin nan a nan. Za su kula da shi fiye da ni. Wanda ya sassaƙa shi ya rasu, 'ya'yansa ba mai yi. In ya tafi, ban san inda za a sake ganin irinsa ba."

"Malam Ilu, nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Alhaji."

"Na ba ka ajiya ko ban ba ka ba?"

"Ka ba ni."

"To ina son ajiyata."

"Shi ke nan, Alhaji. Za ta iso ka in sha Allahu."

Ya kashe wayar ya ajiye a gefe. Na ji kamar in fashe don haushi. Na ce masa ga abin da gaskiyarsa ta jawo, shekara ashirin yana shafa mai, yanzu kowa zai yage rabonsa kamar naman layya. Na ce tsakani da Allah shi ya fi kowa haƙƙi a kan kayan nan. Bai musa ba. Ya ce, "Ghali, ni ma ina son su. Ina son su ƙwarai." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan komai ba, har da 'ya'yansa. Sai kuma ya ce in miƙo masa salatif.

Ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai da ya shafe shi da mai, ya cusa masa darbejiya, ya naɗe da tsohon zane kafin buhu. Duk mai komawa gida sai ya laƙaba masa ƙunshi ɗaya ko biyu, da sunan mai shi da unguwarsu. Turmin ya bi kwantenar wani mai tayil. Waɗanda suka rasu aka kai wa magada. Mutum biyu ko uku ne suka ce a bar wa gilashin, amma da suka ji kowa ya karɓi nasa, sai suka kira suka ce kada a mayar da su wawaye. Kafin wa'adin tashi ya cika, ɗakin ya koma yadda Ilu ya same shi. Ya sauke agogonsa daga bango, ya sa a hammata, muka sauko.

Labarin da ya biyo baya daga gida ba mai yawa ba ne. Alhaji Ƙasimu ya sa an zaga da akushin wurin dillalai, ba wanda ya san zancen sinadari. Aka mayar gida aka jefa a sito. Icen da ya shekara ashirin yana shan raɓar Guangzhou da man kaɗe bai jure bushewar Kano ba, ya tsage tun daga baki har gindi. Alhaji da kansa ya turo hoton, da tambayar ko dama can a tsage yake. Na nuna wa Ilu. Ya kawo wayar kusa da ido, ya faɗaɗa hoton da yatsa, ya bi tsagar har ƙasa. Ya miƙo mini wayata ya ce, "Kayansa ne." Ran nan bai ci abincin rana ba.

Ita kuwa Madam Luo akwatunan gilashinta sun riga sun iso. Da na je na gaya mata yadda aka yi, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a garinsu ma akwai tsofaffi irinsa, kakanta ma haka yake, ba a iya zama da su kuma ba a iya mantawa da su. Sannan ta tambaye ni sunan masana'antun da ke Panyu.

Na raka ta. Kowane lauban ya karɓe mu hannu biyu, har da shayi. Ba su yar da komai ba, duk wani abin da suka taɓa bugawa suna da shi a kan kanta. Suka ba ta ɗaya-ɗaya kyauta, suna murna za a sa aikinsu a gidan tarihi. Akushin roba, faifan roba, ludayin roba, tabarmar leda, hular inji. Ta kuma rubuta gaskiya a jikin gilashin, da Sinanci da Turanci, cewa waɗannan kwafi ne da aka yi a Panyu, na asalin sun zauna a wannan ɗaki shekaru masu yawa a hannun wani mai ɗaurin kaya, sun koma wurin masu su.

Ranar buɗewa ta aiko a gayyaci Ilu. Na ɗauka ba zai je ba. Sai ga shi a tashar jirgin ƙasa cikin farar shadda da ya ajiye don Idi. Gidan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An wanke tagogin, hasken ja da kore yana zuba a ƙasa. An gyara matattakalar ta daina kuka. A ɗakin sama an fito da gicciyen fes, an zagaye shi da fitila. Na'urar tsotse raɓa tana ta aikinta a kan robar da ko a kogi ka jefa ta ba abin da zai same ta.

Ilu ya bi akwatunan a hankali, hannu a baya. A gaban babban akushin ya tsaya, kwafin na Alhaji Ƙasimu, mai sheƙi, da shatar gizagon mutumin da ya rasu a jikinsa.

Wata tsohuwa 'yar China da ke kusa da mu ta dubi akushin, ta dubi shaddar Ilu, ta gane daga inda ya fito. Ta taɓo ni ta yi tambaya. Na juya na ce, "Baba, wai tana tambaya, da gaske a irin wannan kuke cin abinci a ƙasarku?"

Ya daɗe yana kallon robar.

"Ka ce mata e," in ji shi. "Yanzu kam a wannan muke ci."

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto.